Kawu Sada da Injin Tanimu Bakwai

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Sada ya san ba a karɓe hannu da wuri. Zai riƙe ka yana "ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da ruwan jiya," babban yatsanshi kuwa yana bin yatsunka ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Baƙo sai ya ɗauka ƙauna ce. Mu da muka zauna da shi a layin kafintoci na Ƙofar Marusa mun san ƙidaya yake. In ya samu biyar cif, sai ya sake ka ya koma kan aikinshi. In ya samu huɗu da rabi, to a kawo kujera, a aika a damo fura.

Tun da ya rasu kuke ba da labarin injin nan a majalisa, kuna dariya har da riƙe ciki. Ku yi dariyarku. Ai ba yatsunku aka sa a ciniki ba, nawa ne. Ni Iro, ɗan ƙanwarshi, ni na zauna da shi a shago tun da na bar firamare har na aje iyali, kuma ni zan faɗa maku yadda aka yi, don har yau abin yana ci mani rai.

Ni na kawo maganar inji, wannan ban musa ba. Zarton hannu ya gama da kafaɗata. Duk wata lanƙwasa ta kan gado ko ƙafar kujera, sai na ɗora katako a kan acaɓa zuwa wurin masu inji, in bi layi, a yanka mani a karkace, in dawo Kawu ya zage ni. Na ce mu nemi namu, ko na hannu ne, irin mai zarto zagayayye kamar bel, wanda ke gudu a kan tayoyin ƙarfe biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Mutumin da ke miƙe tsohuwar ƙusa da guduma har sai ta gaji ta karye, ban zaci zai yarda ba. Sai ya ce, "To. Amma ni zan zaɓa."

Aka ce mana wani Alhaji Bishir a Ƙofar Guga zai bar sana'ar ya koma sayar da katifa. Muka je. Jama'a, inji ne! Fentinshi bai ko ɗaye ba, da murfinshi sama da ƙasa, da maɓallin kunnawa da na kashewa. Da aka tada shi, kamar kyanwa na barci. Ni har na fara tunanin inda za mu aje shi. Kawu ko kallonshi bai yi ba. Hannun Alhaji ya riƙe.

"Alhaji, da hannunka kake aiki da shi?"

"Da hannuna, Malam Sada."

"Ɗayan fa?"

Alhaji ya zaro na hagu daga aljihu, yana kallona.

"Masu taya ka aiki fa? Ba wanda ya ɗan... taɓa?"

"Alhamdu lillahi, ko ƙwarzane ba a taɓa yi ba."

Kawu ya girgiza kai kamar an yi mashi rasuwa. "Allah Ya kyauta. Iro, tashi mu tahi."

A bakin titi na tare shi. "Kawu, me ya yi? Don Allah me injin nan ya yi?"

"Bai yi komai ba, shi ne matsalar. Yunwa yake ji."

"Wa?"

"Injin mana. Kai ba ka san kowane inji da rabonshi na yatsu ba? Wanda ya ci ya ƙoshi, ya kwanta. Wannan kuwa shekara da shekaru yana azumi, so kake ya sha ruwa da kai?"

Innalillahi! Ni mutum ne da in na yi shakkar alwala sai na sake ta, ga kawuna yana gaya mani ƙarfe na azumi. Ranar ban iya cin abinci ba. Na ce wannan in ba a yi hattara ba ya wuce wauta, ya taɓa imani. Na samu Malam Liman na masallacin layinmu, na faɗa mashi. Bayan la'asar ya kira Kawu gefe, ya yi mashi nasiha mai kyau, ya ce camfi ne, ba abin da ke cutarwa sai da ikon Allah. Kawu ya sunkuyar da kai yana "gaskiya ne, Malam, haka yake, Allah Ya raba mu da camfi." Na ji sanyi a raina. Muna sa takalma ya matso kusa da kunnena.

"Ni na yarda camfi ne, Iro. Amma ka taɓa ganin inji ya zo ɗaukar karatu?"

Haka muka yi ta yawo, muna ƙin injuna masu lafiya saboda masu su na da lafiya, har Allah Ya haɗa mu da Tanimu Bakwai a wani lungu bayan Gobarau. Kun san dalilin sunan. Biyu babu a dama, ɗaya babu a hagu. Da Kawu ya kama hannun nan, fuskarshi ta haskaka kamar ya ga ɗan'uwan da ya ɓata. Ya riƙe dama, ya karɓi hagu, ya koma dama. Sai da Tanimu ya fara jin kunya.

Injin kuwa, Allah Ya tsare mu. Murfi babu, an ce wani ya ara ya rufe kaji. Zarton an yi mashi walda wuri-wuri, duk inda ya zo wucewa sai ya yi ƙas. Maɓalli babu, wayoyi biyu ne tsirara, ka haɗa su ya tashi, ka raba su ya mutu. Ƙafa ɗaya a kan bulo take. Da aka tada shi, awakin maƙwabta suka tsinke igiya.

"Kawu," na ce, "wannan kashe mutum zai yi."

"Ka ji muryar wanda ya ƙoshi ke nan. Gyatsa yake."

"In zarton ya tsinke fa? In wayar ta taɓa ƙarfen fa? In ina tsaye bulon ya zame fa?"

"In sama ta faɗo fa? Kai tun kana goye kake kuka kafin a mintsine ka."

Kuma ku ji abin haushin. Kawu Sada, wanda ke ciniki a kan ƙullin gishiri har mai talla ta yi kuka, bai nemi ragi ba. Abin da Tanimu ya faɗa, shi ya ba shi, alhali ya fi abin da Alhaji Bishir ya nema a kan lafiyayyen inji. Ya ce ai an biya wani abu da jini, ba ya jayayya da jini.

Muka ɗauko shi a a-kori-kura. Ya ƙi shiga ƙofar shago. Na ce a kwance shi, Kawu ya ce ba a tada mai barci, sai dai a cire ƙofar. Aka cire ta har da ɗan bango. Muna gama girke shi, direban motar yana shan ruwa a bakin randa, Kawu na yi mashi alfahari.

"Ka ga injin nan? Uku ya ci. Ba ruwanshi da kowa yanzu."

"Uku na wa?"

"Na Tanimu mana."

Direban ya yi dariya har ruwa ya sarƙe shi. "Haba Baba! Ai ƙauyenmu ɗaya da Tanimu. Injin markaɗen innarshi ne ya cinye su, tun bai yi kaciya ba."

Ban taɓa ganin Kawu ya yi sauri kamar ranar ba. Ina bin shi da hularshi a hannu har Gobarau. Tanimu na zaune yana cin gyaɗa.

"Tanimu, ka cuce ni!"

"Ni? Da me, Malam Sada?"

"Yatsun nan ba injin nan ya ci ba!"

"Na ce maka shi ne? Ka tambaye ni? Ka zo ka riƙe mani hannu kana murmushi, na ɗauka jinina ne ya haɗu da naka."

"To me ya sa ka sayar?"

Tanimu ya ɗaga hannuwan duka biyu. "Tsoronshi nake. Bakwai suka rage mani, Malam Sada. Ba ni da na bayarwa."

Na ce shi ke nan, a maida mashi abinshi, mu koma Ƙofar Guga mu ba Alhaji haƙuri. Kawu ya ce shi bai taɓa maida ciniki ba, ba kuma a kan mai markaɗe zai fara ba. Na ce to a saya mashi murfi da maɓalli, in fara aiki da bismillah. Sai ya ɗauko alli ya ja layi a ƙasa, ya zagaye injin.

"Ƙafarka ta ƙetare wannan, ba ni ba kai."

"Kawu, don ni aka saye shi!"

"An saye shi. Ni zan yi yankan."

Kun ji fa. Ni na roƙa, ni na yi dakon shi, ni na gyara bangon da aka fasa, kuma ni aka hana taɓawa. Aikina ya koma tsayawa a bayan layin alli, ina kallon tsoho mai yana a ido yana tura katako da hannu tsirara. Na sa murfi da kaina wata Juma'a da ya tafi masallaci da wuri, ya dawo ya cire, wai ba ya ganin bakin zarton. Na sassaƙa mashi ɗan sanda mai baki don ya riƙa tura katako da shi. Ya juya shi, ya yaba aikin, ya ce Allah Ya yi mani albarka. Da shi ya riƙa sosa baya har ya mutu.

Da babbar Sallah, Ɗan'asabe mahauci ya ba shi shawara, wai a gwada ba injin ƙafar saniya ko zai haƙura. Kawu ya yanka ma unguwa gaba ɗaya ƙafafu da kawunan dabbobin layya. Shago ya cika da ƙuda, wani gadon amarya da muka kusa gamawa ya ɗauki warin ganda, uwar amarya ta zo ta wanke ni tas. Na ce, "To, ya ƙoshi?" Kawu ya goge zarton ya ce, "Wannan marmari ne. Ba a yaudarar inji."

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, yana fitar da lanƙwasar kan kujera. Ban ji ihu ba. Na ji dai ƙarar injin ta canza, sai na ga Kawu ya raba wayoyin nan a natse, ya naɗe hannun hagu da gefen rigarshi, rigar tana rinewa. Kan yatsan manuni ne ya tafi. Ni na yi ihun, ni na faɗi a kan garin katako, sai da aka yayyafa mani ruwa. A kan acaɓa ina riƙe da shi ta baya ina kuka, ya waiwayo, wallahi murmushi yake.

"Ya ci, Iro. Gobe ka fara aiki."

Da aka ɗinke shi muka dawo, na shiga tunani. Guntun ɗan Adam a cikin shara? A kwashe a kai ma masu tuyar ƙosai su hura wuta da shi? Na zauna na tankaɗe garin katakon nan da rariya har na same shi. Na naɗe a farin ƙyalle, na tambayi Malam Liman, ya ce ba a yi mashi salla, a dai binne. Na kai maƙabarta na binne, na dawo na gaya ma Kawu, ina jiran sa albarka.

"Ka yi me?"

"Na binne shi, Kawu."

"Ka cire mashi loma daga baki! Wayyo ni Sada! Na ba da yatsana a banza!"

Kwana da kwanaki bai amsa gaisuwata ba. Ya sake jan layin alli, ya ƙara mashi kauri, ya koma kan injin da bandeji a hannu. Har ciwon ajali ya kwantar da shi, ban yanka ko falanki ɗaya a injin da aka saya domina ba.

Injin yana nan a shago, na rufe shi da buhu. Kuna cewa in sayar. Na gwada. Amma ni ba zan sayar ma Musulmi abu in ɓoye aibinshi ba. Duk wanda ya zo sai na zaunar da shi, in fara daga bulon, in bi ta wayoyin, in zo kan Tanimu, in ƙare da rariya. Ba wanda ya taɓa tsayawa jin kuɗin.

Ana gobe zai cika, ina zaune a gefen tabarmarshi ina ba shi kunu, haushin ya taso mani. Na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, ka yarda da maganar nan? Ƙarfe na jin yunwa?"

Ya ɗaga ido ya kalli rufin ɗaki.

"Ban sani ba, Iro. Wata rana in yarda, wata rana in ce wauta ce. Amma na ce in gaskiya ne, ya ci nawa. Nawa sun gama aikinsu. Naka, ɗiya huɗu ke ci da su."

Na ce kunun zai huce. Ya ce da ma bai ji sukari ba.

Ya Allah, Kai Ka san bawanKa Sada, da taurin kanshi da abin da ya ɓoye a ƙarƙashinshi. Ka yafe mashi camfin nan, wallahi ba da raini ya yi ba. Ka haskaka kabarinshi, Ka tashe shi da yatsunshi cikakku, Ka ba shi littafinshi a hannun dama. Amin.