Ki Ce Masa

A Soron Ɗinki an san ni da shisshigi, kuma ban taɓa musu ba. Na shiga faɗan maƙwabta a kan kwata, na shiga na surukai, wani na gyara, wani aka kore ni. Amma wanda nake tinƙaho da shi har gobe shi ne na ƙawata da ɗanta.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ne, hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bangon gidajenmu ba. Ƙawata Bafulatana ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta na fari soja ne. Da suka rabu ya ɗauke yaron yana ɗan ƙarami, ya yi ta yawon bariki da shi a Kudu. Sai a shekarar nan da uban ya ajiye kaki yaron ya matsa sai ya ga uwarsa. Ya iso saurayi dogo, da Hausarsa ta bariki, wani sa'in har ya ce wa mace "kai".

Ina gidanta ya shigo. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta kalli bango, ta amsa can ƙasan maƙoshi, ta ja mayafi ta shige ɗaki. Mu matan da ke wurin dariya ma muka yi, don ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, ba ta hira da shi, balle ita mai fulako. Babu wadda ta tuna yaron nan bai tashi a cikinmu ba.

Bayan 'yan kwanaki ya yi sallama a gidana.

"Gwaggo, gobe zan koma," in ji shi. "Baba ya faɗa mini ba ta damu da ni ba, na ƙi yarda. Ko sunana ba ta kira."

Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari har bakina ya bushe. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "In tana so na, ta faɗa da bakinta." Na san in ya hau motar nan ba zai sake tako Kano ba.

Na yafa gyale na faɗa gidanta a fusace. Na same ta tana dama furar da kullum take aika masa, ba ta kuma yarda a ce daga ita ce.

"Ke, ɗanki zai tafi gobe. Cewa yake kin tsane shi."

Ludayin ya tsaya a hannunta. "Yaya, so kike in zama abin faɗi a dangi?"

"Dangin nan ina suke da aka ɗauke shi? To zauna da kunyarki, ki rasa shi karo na biyu!"

Sai ta fashe da kuka. Ta ce wallahi ta gwada, bakin ne ba ya buɗuwa. Na yarda da ita, don ni ma da nawa ɗan farin. Na tsaya ina kallonta, sai dabara ta zo mini. Na ce, "Ni fa, bakinki yana buɗuwa a gabana?"

Bayan la'asar na ajiye kujera 'yar tsugunno a tsakar gidanta na zauna. Ita a damana ta ɗan juya baya, shi a haguna. Na ce kowa da ni zai yi magana.

Can ta ce, "Ki tambaye shi, ƙunar da ke cinyarsa ta bar tabo?"

Ban ma juya ba ya ce, "Ki ce mata yana nan."

"Ki ce masa ruwan kunu ne, ni na goya shi zuwa asibiti ba takalmi."

Haka suka yi ta yi. Ki ce masa na bi su har tasha ranar da aka tafi da shi, 'yan'uwana suka janyo ni. Ki ce mata Baba bai taɓa faɗa mini ba. Ni dai ina tsakiya kamar ƙofa, kalma ɗaya ban isar ba. Da na ga magana ta kama, sai na ce na bar tukunya a wuta, na miƙe. Ƙarya nake, soro na laɓe.

Ba su fasa ba. Ita tana kallon kujerar da ba kowa a kai, shi ma kujerar yake kallo. Na tsaya ina share hawaye, ina jin kaina ya yi girma, don ranar na san na iya wani abu a duniya.

Sai na jiyo muryarta.

"Ki ce masa kar ya tafi."

Ya matsar da kujerar gefe. Ya ce, "Na ji, Inna."