Rigar Baba Yohanna da maganin yamutsewa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Baba Yohanna na Muchalla, mutumin da ya fi tsoron riga ta yamutse a kan ya taka maciji.

Duk ranar da zai shiga Mubi biki ko taron coci, sai Mama ta dama sitati ta sheƙa wa babbar rigarsa ta auduga, ta goge da dutsen gawayi har rigar ta iya tsayuwa da kanta. To amma ba ya sawa. Ninke ta yake yi ya ɗora a ka, ya hau acaɓa daga shi sai singileti, rana tana gasa masa kafaɗu. Sai an kusa gari ya sa a tsaya, ya laɓe bayan bishiya ya shirya. A wurin taron ma ba ya zama, wai kujera ce babbar maƙiyiyar guga. Ya dawo fata tana saɓulewa, yana alfahari rigar ko layi ɗaya ba ta yi ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

In da ranka ka sha kallo. Yau ga jikarsa Rifkatu a jami'a, aikinta ke nan jiƙa yadin auduga cikin sinadari, ya daina yamutsewa, ya kuma tare hasken ranar nan mai ƙona fata. Da Baba yana nan, wallahi na san sai ya ce yadin ragwaye ne, sannan ya ja ta gefe ya tambaya ko akwai fari.

Mama kuwa har yanzu kowace shekara takan fito da rigar nan ta wanke ta goge. Hannunta ya fara rawa, bara har gawayi ya ƙona mata shi. Hankalinmu ya tashi, muka haɗa baki Rifkatu ta lallaɓa ta, ta ce a ba ta rigar kwana biyu, an gama da guga har abada. Mama ta saurari bayanin tsaf, har ta yaba wa boko. Sannan ta janye rigar ta ɗora a cinya.

"In ta daina yamutsewa, ni kuma me zan riƙa yi masa?"

Ni kam hawaye ne suka cika min ido. Baba bai bar mana gona mai faɗi ba, ya dai bar mana wadda har yau ba ta yarda ya fita a yamutse. Bana ni na hura mata gawayin.