Lahadin da Na Bar Jibi Ya Wuce Ni

Shekara biyu bayan ƙuri'ar da ta bar Mubi a Nijeriya, ƙanena ya zo hutu daga kwalejin horon malamai. Ni iyakata firamare, ɗinki nake yi a bakin kasuwa. Ya zauna a bencin shagona ya buɗe mini littafin makarantarsu. Akwai zane a ciki: biri a durƙushe, na gabansa ya ɗan miƙe, har na ƙarshe ya zama mutum sak.

"Yaya, ga kakanninka," in ji shi yana dariya. "Dubi goshin nan, ai naka ne."

Na ce ya rufe. Amma na riga na gani.

Abin da ya dame ni, ban ƙaryata nan take ba. Na yi gadin dawa a Vimtim, na san hannun biri, na ga yadda uwa take tsefe kan ɗanta. Sai zuciyata ta ce wataƙila. Wannan wataƙilar ta hana ni sakat. Ina taka keken ɗinki ina juya kwana shida na halitta a raina, har na ɗinka wa wani Babarbare hannun riga a baibai. In Littafi Mai Tsarki ya ce da ƙasa aka yi mutum, ni kuma na ce wataƙila, ban ƙaryata Allah ba kuwa?

Lahadi ta zo, ranar Jibin Ubangiji. An koya mana mai abu a zuciya kada ya ci. Da farantin gurasa ya iso kaina, na miƙa wa na kusa da ni. Ƙoƙon ma haka.

Ban yi tunanin yadda mutane za su ɗauka ba. A ikilisiyarmu abu biyu ke hana namiji Jibi, giya ko matar wani, kuma kowa ya san ba na sha. Kafin Laraba matan zumuntar ikilisiya sun fara yi wa matata sannu kamar mai makoki. Ta daina cin tuwo kusa da ni.

Na bi tsohon mai bisharar ikilisiyarmu har gonar gyaɗarsa a hanyar Betso.

"Baba, na yi zunubi."

"Matar wa?" ya tambaya, bai ko ɗago ba.

Na kwashe labarin littafin duka na gaya masa. Ya miƙe ya dafa ƙugu.

"Ban yi karatun ƙanenka ba, ɗana. Amma ko yini ɗaya ya ɗauka, ko doguwar hanya ya bi, wa ya yi aikin?"

"Allah."

"To?"

"Kwana shidan fa, Baba?"

"Ban sani ba. Riƙe tambayarka, tambaya ba ta hana Jibi. Ka gaya wa uwargidanka dalili?"

Na ce a'a.

"Wannan shi ne zunubinka. Koma gida."

Na tarar da matata tana surfe. Ta saurare ni har ƙarshe da taɓarya a hannu.

"Maigida, wato saboda biri aka bi ni da sannu har bakin rijiya? Wa zan gaya wa haka ya yarda?"

Babu wanda za ta gaya wa. Sau ɗaya a wata ake Jibi, haka ta ɗauki kunyar nan har wata ya zagayo. Ran nan na zauna a bencin gaba inda ɓangaren mata za su gan ni. Zuciyata tana tambayata ko na cancanta, ko don idon mutane nake yi. Na karɓa na ci. Da aka tashi, ta jira ni a bakin ƙofa muka tafi gida tare.