Ayar da Ta Hana a Gina Kabarin Malam

Shekara tara ke nan cif da rasuwar maigidana, Malam Istifanus, kafinta kuma dattijon ikilisiya. Ni ba gwanar rubutu ba ce, a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro bayan na haifi yara uku, don haka mai karatu ya yi mini uzuri. Mutane sun san ni da haƙuri, har Malam kan ce in an mare ni sai na tambayi mai marin ko hannunsa ya yi zafi. To, bana dai tura ta kai bango.

Da muka binne shi, 'yan uwa suka yanke cewa a bari ƙasa ta zauna, bayan damina a zagaye kabarin da bulo, a yi masa siminti, a rubuta sunansa da aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki, yadda ake yi a maƙabartarmu. Babu wanda ya yi gardama a kan wace aya, domin kowa ya san wurin da Malam ya fi so. Labarin nan ne na matar da aka kama da laifi, aka kawo ta gaban Yesu ana neman a jefe ta, masu ƙarar suka sulale ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya sallame ta da gargaɗi. Duk ranar da dattawa za su zauna a kan wanda za a yi wa horo, a mai da shi bencin baya, sai Malam ya karanta wannan wuri kafin ya yarda a buɗe magana. Akwai matan da yau suke jagorancin zumuntar mata waɗanda da ba don wannan karatun nasa ba, da tuni sun bar sujada.

Sai babban ɗanmu, Dogara, wanda ya yi makarantar tauhidi, ya ce a dakata. Wai wannan labari ba ya cikin kofe-kofen Linjila mafi tsufa da aka rubuta da hannu, wai a wasu kofe ma a wani wuri daban aka same shi, shi ya sa sabuwar fassara ta sa shi cikin baka biyu, ta yi bayani da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi. Ya ce shi bai ce labarin ƙarya ba ne, amma abin da za a kafe a siminti, gara a ɗauko inda babu ayar tambaya.

Ƙaninsa Danladi, mai shagon gyaran waya, ya miƙe kamar an zuba masa garwashi. Shi a wurinsa tsohuwar fassarar da ya tashi yana ji ita ce Littafi, waɗannan ƙananan baƙaƙe kuwa aikin masu neman rage maganar Allah ne. Na gane abin da ke cinsa. Abokansa na kasuwa, yawancinsu Musulmi, tare suke cin abinci tare suke musu, kuma sukan tsokane shi cewa Littafi Mai Tsarki an taɓa shi. Yanzu ga yayansa uwa ɗaya uba ɗaya yana ba su sanda.

"Yaya, kuɗin makarantar da Baba ya biya maka, wannan ka sayo mana da shi?"

"Kai kuma wa'azin waya ya cinye maka kai. Ka taɓa karanta ƙasan shafi sau ɗaya a rayuwarka?"

"Ni sama nake karantawa, inda maganar Allah take!"

Haka aka watse ranar. Na ce a raina yara ne, za su huce. Ashe somin taɓi ne. Daga aya ɗaya musu ya haihu ya yi jikoki. Yau a kan wata wasiƙa ta cikin Littafin da ba a san takamaiman wanda ya rubuta ta ba, gobe a kan me ya sa littafin maƙwabtanmu 'yan Katolika ya fi namu yawan littattafai, jibi a kan su wa suka zauna suka ce wannan ya shiga, wancan ya tsaya a waje. Kowace Kirsimeti shinkafa na hucewa a faranti suna nuna wa juna fuskar waya. An sayi siminti har sau biyu, yana daskarewa a zaure ya zama dutse. In na yi magana, kowanne ya ce, "Mama, ki bari, wannan ba ƙaramin abu ba ne." Ni ma ai ban ce ƙarami ba ne. Amma garin gyaran gira ake rasa ido.

Nakan tambayi kaina, da Malam zai leƙo ya ga wannan zamani, me zai ce? Abin da yaran ba su tsaya sun yi tunani a kai ba shi ne, ubansu ya san da waɗannan ƙananan baƙaƙe tun suna ƙanana. Ni ce ma na kai masa su. Lokacin ina ɗokin sabon karatu, komai na gani sai na haɗa baƙi, har rubutun jikin buhun taki. Wata rana ina duba sabuwar fassarar, na gangara ƙasan shafi, na karanta bayanin. Na same shi a rumfarsa yana fere ƙafar benci, na ce, "Malam, ashe abin da kake karanta wa dattawa ba a tabbatar da shi ba?" Bai ajiye aikin ba. Ya ce shi a sana'arsa, wanda ya sayar maka da katako ya nuna maka inda aka yi haɗi, shi ne mai gaskiya. Wanda ya shafe wurin da fenti shi ake tsoro. Ya ce mutanen da suka kwafi Littafin da hannu tsara bayan tsara mutane ne, waɗanda suka tara kofe-kofen suka gwada su da juna kuma ba su ɓoye abin da suka gani ba, kuma wannan ne ya sa hankalinsa ya ƙara kwanciya. Game da labarin kuwa, ya ce ko ma ta wace ƙofa ya shigo, halin da ke ciki halin Ubangijinsa ne, ya gane shi.

Ban ce amsarsa ta kashe bakin kowa ba. Masana suna nan suna bincikensu, kuma ban raina karatun Dogara ba, kamar yadda ban raina kishin Danladi ba. Na faɗa musu wannan zance ya fi a ƙirga. Kowanne sai ya tsinci rabin da ya yi masa daɗi, ya ce, "Ka ji ko? Baba yana bayana."

Abin da ya ƙure ni ya faru a ƙarshen daminar bara. Yayar Malam, Gwaggo Saratu, ta zo daga ƙauye, ga tsufa ga ciwon ƙafa, ta ce a kai ta ta ga makwancin ƙanenta kafin ita ma a kira ta. Muka hau keke mai ƙafa uku muka je. Ruwa ya zaizaye ƙasa, ciyawa ta rufe, gara ta cinye gicciyen katakon da aka kafa, an kuma yi sababbin kaburbura kewaye. Na tsaya tsakanin tudu biyu, ni da na yi shekara talatin da ɗoriya da mutumin nan, na kasa cewa ga shi. Sai da mai gadin maƙabarta ya zo ya nuna mana. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Amaryarmu, 'ya'ya maza biyu, ko?" Da ma zagina ta yi.

Da rani ya shiga, ban shawarci kowa ba. Na nemi magini ta hannun wata 'yar zumuntarmu a unguwar Inkil, muka je da safe, ya jera bulo, ya zuba siminti ya shafe. Ya ce, "Mama, me za a rubuta? In ya sha iska shi ke nan fa." Na karɓi ƙusa a hannunsa, na durƙusa, na rubuta sunan Malam da kaina, baƙaƙen suna hawa suna gangara irin na 'yan yaƙi da jahilci. Ƙasan sunan na bar shi fili.

In an tambaye ni me ya rage na Malam bayan shekara tara, ba zan ce aya a siminti ba. Bencinan da ya ƙera har yau ana zama a kansu. Matan da ya hana a wulaƙanta suna nan suna aurar da 'ya'yansu. Akwai kuma yadda yake riƙe Littafin nan da hannu biyu ba tare da tsoron tambaya ba, abin da ya raba wa 'ya'yansa rabi da rabi, kowanne yana ganin shi ya gaji duka.

Da labari ya kai musu, tare suka zo, a kan babur ɗaya, Danladi na tuƙi Dogara na baya. Suka zauna a tabarma ɗaya suna karɓe wa juna magana: wai na yi gaggawa, wai rubutun ya karkace, wai me mutane za su ce. Na bar su suka gama. Shekara tara rabon da in ji bakinsu ya zo ɗaya a kan wani abu. Na tashi na zubo musu tuwo a kwano ɗaya, suka ci suna ta mita.