Inda Littafin Rumawa Zai Kwana

Ni ban zaɓi tarihi ba. Ina koyarwa a wata firamare a Kebbe na nemi ƙarin karatu irin na lokacin hutu a Sakkwato, na nemi ilimin addini, aka ce gurbi ya cika, tarihi ne ya rage. Baba, wanda ke noma a Jabo kuma ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, bai so ba. Da ƙyar ya sa albarka, ita ma da sharaɗi: ranar da karatun ya fara taɓa mini imani, ranar zan ajiye shi. Kuma shi ne zai gane ranar, ba ni ba.

A shekara ta biyu aka kawo mu kan tsohuwar daular Rum da yadda Kiristanci ya shige ta. Malaminmu, wani dattijo Kirista mai yawan dariya, ya ara mini littafinsa, ƙato, na Turanci, cike da hotuna. Da kaka ta yi na taho da shi gida a bayan ɗan kabu-kabu, na bar shi kan tabarma a zaure na tafi taya ɗaurin gero. Na dawo na iske Baba zaune yana buɗe shi. Ba ya jin Turanci, amma hoto bai bukatar Turanci. Ga gunkin wani ƙato tsirara babu hannu ɗaya, ga gicciye, ga zaki a kan mutane.

"Wanga littafin Nasara na?" ya tambaye ni, bai ɗago ba.

Na durƙusa na ce tarihin Rumawa ne, kuma mutanen da zaki ke ci su ne Kiristocin farko, Rumawa ne suka jefa su. Nan kansa ya ɗaure, domin shekara da shekaru yana jin tafsirin azumi, kuma a can Rumawa su ne Nasara, ma'abota littafi. Yaya Nasara za su ba zaki Nasara? Na ce waɗannan kakanninsu ne, masu bautar gumaka, har sarkinsu suna bauta wa. Na gaya masa abin da na karanta: bayi da mata da masu ƙananan sana'a ne suka fi shiga sabon addinin, suna haɗuwa a gidajen juna, suna jinyar marasa lafiya lokacin annoba sa'ad da kowa ke gudu, suna tsintar jariran da aka yar, suna binne matattunsu a ramuka ƙarƙashin ƙasa. In an kama mutum, abin da ake nema gare shi kaɗan ne. Ya ɗebi turare ya zuba a wuta gaban gunkin sarki, ya tafi gida. Duk da haka, har wata baiwa aka ce ta ƙi zubawa.

"Turare kaɗai?"

"Abin da yatsa biyu za su ɗauka, Baba."

Ya ce ai waɗannan muminai ne, namu ne, ko su ne samarin kogon da ake faɗa a tafsiri? Na ce littafin bai ce ba. Na ji sanyi a raina, na ɗauka na tsira. Da na san abin da zai biyo baya da na yi shiru a nan, amma bakin malamin makaranta ba ya tsayawa a rabin darasi. Na ci gaba na ce bayan kamar shekara ɗari uku sarkin Rum da kansa ya karɓi addinin. Masu ɓuya suka sami manyan gine-gine da muƙamai, sarki ya tara malamansu su yanke magana kan matsayin Almasihu, waɗanda suka ƙi yarda aka kore su, daga baya aka rufe ɗakunan gumaka. Baba ya juya shafi, ya ga cikin wata majami'a mai zinariya da siffofin mutane a bango.

"Waɗanga jikokin waɗancan na?"

Na ce haka ne.

"To wa yac ci wani? Su sunka ci Rum, ko Rum tac cinye su?"

Ban sani ba, kuma na faɗa masa ban sani ba. Bai yanke mini hukunci ba ranar. Littafin ne ya zame masa aiki. Da ya ji sunan Almasihu na kusan kowane shafi, sai ya ɗauke shi daga tabarma da hannu biyu, don a wurinmu ko guntun takarda aka tsinta a hanya da sunan Annabi a jiki, kafar bango ake nema a cusa shi, ba a barinsa inda ƙafa ke takawa. Ya nufi ɗakinsa zai ɗora shi a kan kanta kusa da gafakar Alƙur'aninsa, ya tsaya cak a bakin ƙofa: ya tuna gumakan da ke ciki. Ya juyo ya nufi rumbu, Inna ta ce ita dai ƙaton nan marar wando ba zai kwana kan hatsin da za mu ci ba. Ɗakina babu kanta, kuma a ciki nake nafila. Kan katanga akwai gara. Haka tsohon nan ya yi ta zagaya gida da littafi a hannu kamar mai neman inda kaza za ta yi ƙwai. A ƙarshe ya sa shi a buhu ya rataye a reshen dogonyaron da ke tsakar gida.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Littafin aro ne, ga shi yana lilo a bishiya, tsuntsaye na sauka a kai. Amma tsoro ya fi fushin yawa, don na gane inda littafin ya ƙare nan karatuna zai ƙare. In ya shiga ɗaki na tsira. In aka fitar da shi waje, an fitar da ni daga makaranta ke nan. Kowace safiya buhun nake fara dubawa kafin in gaida kowa.

A gona kuwa Baba bai bar ni na huta ba. Muna ɗaurin dami yana tambaya. Suna alwala? Ina suke fuskanta in za su yi addu'a? Baiwar nan tana da 'ya'ya? Wanda ya zuba turaren da hannu amma zuciyarsa ta ƙi, an karɓe shi da ya dawo? Wannan na san sun yi rigima a kai, sauran kuwa na yi ta cewa ban sani ba, har ya ce to me ake koya mana a Sakkwaton. Wata safiya Inna ta zuba turaren wuta a kasko ta wuce da shi ta gabanmu. Baba ya bi hayaƙin da kallo har ya watse, sannan ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba, shi bai sani ba in da zaki ne a gabansa ko hannunsa zai iya tsayawa. An ce imanina ake tsaro, ga shi mai tsaron ne ke auna nasa.

Ranar da zan koma Kebbe ya sauko da buhun da kansa. Ya naɗe littafin a wani farin ƙyalle ya miƙo mini.

"Koma ka ƙare," ya ce. "Amma ka binciko min inda sunka rabu da mu. Shekarar nika so, da wanda yay yi."

Na fara da malaminmu. Ya yi dariyarsa, ya ce a wurinsa ai ba su rabu da kowa ba, nasa ne tun farko har yau, kuma ya faɗe shi da irin tabbacin da Baba ya ce namu ne. Na koma karatu. Duk shekarar da na ce ga ta, sai in iske kafin ta akwai masu faɗin abin da aka yanke, bayanta kuma akwai masu ƙin sa. Kowane hutu Baba zai tare ni da "Ka samo?" in ce da saura. Na ƙare karatun ban samo ba. Tambayarsa ta ƙarshe a gadon asibiti ya yi mini ita a Tambuwal, na ce da saura, ya lumshe ido ya ce to in ci gaba.

Yanzu a sakandare nake koyarwa, kuma na sayi irin littafin. Yana cikin leda, rataye a ƙusa a barandar gidana. Duk lokacin da uwar 'ya'yana ke gyaran gida sai ta tambaye ni a ina za a sa abin nan, a ciki ko a waje. Ina ce mata ta bar shi nan tukuna.