Batirin da Kawu Ya Zaɓa wa Jirgin Ɗansa

Ana sallame asuba muka bar Ƙanƙara, ni da kawuna, a motar haya. Ɗansa mai walda a Sabuwa ya ƙera ƙaramin jirgin sama mai cin mutum ɗaya, saura batirin tada inji. Ni kuwa gyaran sola nake yi, shi ya sa aka ɗauko ni.

Hanya ta ci mu. Ramuka, shingayen jami'an tsaro, dawa ta rufe gefen titi inda 'yan bindiga kan ɓuya. A Faskari muka karya da waina, wadda ta tsuke ta koma kamar marfin kwalba, sannan muka shiga wani shagon batura.

Nan idona ya raina fata. Kawu ya dinga ɗaga batura yana jinjinawa, yadda mutanenmu ke zaɓen batirin mota: mai nauyi shi ne na gaske. Na ce masa batirin lithium da muka zo nema ba haka yake ba, na ƙwarai sakayau yake, kuma dole ya zo da na'urar da ke yanke caji in ya cika, in ba haka ba wuta yake kamawa. Ya ce tun ban san hanyar kasuwa ba yake sayen batir. Ya ɗauki mafi nauyi. Ina zan ja da kawu a gaban mutane?

Da na ga jirgin a Sabuwa sai da na yi salati. Bututun ƙarfe, tamfol, farfelar katako. Mazaunin batir kuma ƙarƙashin kujera, jingine da jarkar fetur! Na rantse ba mai hawa sai an gwada a ƙasa. Aka ɗaure jirgin jikin darbejiya aka tayar. Ba a jima ba wari ya tashi, batirin ya kumbura ya fara hayaƙi. Da ƙotar fartanya muka tunkuɗo shi, ya faɗi can gefe ya kama da wuta. Da ya huce muka farke shi. Wallahi rabinsa yashi ne, sauran tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta. 

Mai jirgin ko a jikinsa. Ya ce in nemo masa na gaske, mai shaidar kamfani, wanda ya dace da cajin injinsa. Kawu ya rako ni tasha, don kada la'asar ta same ni a hanya. Sai ya riƙe hannuna.

"In ka samo na ƙwarai, tashi zai yi. Don Allah ka daɗe kana nema."

Na iso gida lafiya, na kuma gane ba a zaɓen abin da zai ɗauki rai da jinjinawar hannu. Batirin na san inda ake samunsa. Ɗan kawu yana ta kira, har yanzu ban ɗaga ba.