Na ɗaga robar haƙorina a haske, na ga fes take

Assalamu alaikum. Na san na yi ɓatan dabo tun kafin azumi. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yafe ni, a lokacin bakin ne ba ya buɗuwa.

Kun san na sa ƙarfen gyaran haƙori. Da aka cire, likitar haƙori ta ba ni wata roba garau kamar gilashi, wadda ake kifawa a kan haƙora don kada su koma gidan jiya. Tana bayanin yadda ake wanke ta, ina gyaɗa kai, a raina ina cewa ni za a koya wa roba?

Ai aikina ke nan. A wani kamfanin roba nake a Sharaɗa, ɓangaren duba kaya. Duk kofi ko mazubin da ya fito daga inji sai na ɗaga shi a hasken fitila. In babu ɗigo babu hazo, ya wuce.

To haka na riƙa yi wa tawa. Lokacin alwala in cire, in ɗauraye da ruwan buta, in ɗaga ta a haske. Fes. In mayar. Shayi da zoɓo kuwa da ita a baki nake sha, don ba zan zaro abu yana jan yawu a gaban 'yan shif ɗinmu su samu na tsokana ba.

Maman Walida, wadda muke layi ɗaya a wurin aiki, ta taɓa raɗa mini: "Hauwa, ko za ki ƙara da asuwaki?" Ranar nan, gaba na yi da ita har aka tashi.

Da jinin dasashi abin ya fara. Sai wani haƙori na can ƙurya ya soma zugi. Sai zazzaɓi, sai kumburi a ƙasan muƙamuƙi, tauri kamar katako.

Umma ta taɓa wurin ta ce, "Hangum ne, zai sace." Aka ba ni kanumfari da ruwan gishiri, aka karɓo ƙwayoyi a kemis.

Bai sace ba.

Wata safiya Umma ta miƙo mini koko, na kurɓa, ya ƙi wucewa. Yawuna ma ya ƙi. Harshena ya taso sama kamar ana tura shi daga ƙasa. Na ce "Umma", muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Wallahi na ji tsoro. Ban taɓa sanin mutum zai iya zama yana lallaɓa numfashinsa ba.

Yayana Sani ya sa mu a adaidaitarsa, ni da Umma, daga Na'ibawa. Cunkoson titin Zariya ya riƙe mu, yana ta waiwayowa yana cewa, "Ki dai ci gaba da numfashi, Hauwa, mun kusa." Ba mu kusa ba, kuma na sani.

A ɗakin gaggawa likita ya ce in buɗe baki. Ko yatsa bai shiga ba. Aka ɗebi jini, aka yi hoton wuya, aka ɗaura ruwa. Ya kalli Umma ya ce, "Hajiya, mugunya ce daga haƙori ta gangaro. In ta ƙara matse hanyar iska, sai mun huda maƙogwaro mun sa bututu. Ku sa hannu yanzu."

Umma ta zauna a ƙasa, a kan siminti, duk da ga kujera a gefenta.

Da ake tura ni tiyata, kalmar shahada nake son yi, bakin ya ƙi. A zuci na yi ta.

Na farka da bandeji a haɓa da wani siririn tiyo yana fitar da mugunya. Na lalubi maƙogwarona. Babu rami. Kuka na yi har nas ta ce in bari kada ɗinkin ya motsa.

An cire haƙorin. Allurai ta jijiya, safe da yamma, har hannuna ya rasa wurin sokawa. Adashina kaf can ya tafi, ban ko waiwaye shi ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne duk tarin da na yi sai in ɗauka kumburin ne ya dawo.

Bayan an sallame ni, likitar haƙorin ta ce in zo da robar. Na miƙa mata ina cewa, "Dakta, duba ki gani, tsaf take."

Ba ta duba ba. Tsinken auduga ta zura cikin ramukan robar, ya fito da wani yauƙi mai ɗoyi. Ta ce, "Ƙwayoyin cuta ba sa tare haske. Kin kulle su da sukari a kan haƙori, kin rufe musu ƙofa."



Don Allah, mai sa irin robar nan ya ji ni. Ka goge ta kullum da buroshi mai laushi nata na daban da sabulu marar ƙarfi, da ruwan sanyi, don ruwan zafi lanƙwasa ta yake. Ka riƙa jiƙa ta a maganin da likitanka ya nuna maka. In ba ruwa za ka sha ba, cire ta, masu dariya su yi. Goge haƙori kafin ka mayar. Kumburi kuma in ya sauka ƙasan haɓa har haɗiya ta yi wuya, ba na kemis ba ne, asibiti kai tsaye.

Alhamdu lillahi. Umma, Yaya Sani, likitoci da nas-nas, Allah Ya saka da alheri. Maman Walida, kin faɗa mini gaskiya na yi fushi, ki yafe ni.

Na koma aiki. Har yanzu ina ɗaga kofuna a fitila ina cewa sun wuce. Amma da magariba in na cire sabuwar robata, ba na ɗaga ta. Tabon haɓata nake shafawa, in ɗauko buroshi.